Rinin da ke tona asirin ƙashi da guringuntsi a ɗakin gwaje-gwaje

Yaro ɗan shekara goma sha biyar ya kwana biyu yana fama da kumburi a saman gwiwa. An kai shi wurin mai ɗori, an shafa, an ɗaure, abin sai ƙaruwa yake yi. A ƙarshe likitan ƙashi ya yanko ɗan guntu daga wurin ya aika ɗakin gwaje-gwaje. Hukuncin da za a yanke kan ƙafar wannan yaro, ko a fara masa maganin kansa, ko a yi tiyata, ko kuwa ƙwayar cuta ce kawai ta shiga ƙashin, ya dogara ne ƙwarai da launukan da za su bayyana a kan ɗan gilashin da bai fi yatsa tsawo ba.

Naman jikin mutum idan aka yanka shi siriri ba shi da launi, kusan kamar ruwa yake a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu. Shi ya sa ake rina shi. Amma ƙashi yana da nasa wahalar, domin taurinsa na dakushe wuƙar yanka. Bayan an jiƙa guntun a ruwan fomalin don kada ya ruɓe, sai a zare masa sinadarin kalsiyam. Ruwan asid na gama wannan aiki cikin kwanaki kaɗan, sai dai idan ya wuce kima yana lalata ƙwayoyin halittar da ake son gani. Sinadarin EDTA ya fi tausasawa, amma yakan ɗauki makonni. Wannan na cikin dalilan da suke sa sakamakon gwajin ƙashi ya fi na sauran sassan jiki jinkiri, abin da dangin majinyaci kan ɗauka sakaci ne. Daga nan a zuba guntun cikin kaki, a yanke shi da kaurin kusan maikiromita biyar.

Rinin farko shi ne hematoksilin da iyosin. Ana samun hematoksilin daga itacen wata bishiya ta yankin Kamfece a ƙasar Meziko, kuma yana mayar da cibiyar ƙwayar halitta shuɗiya mai duhu, iyosin kuma ya ba sauran jikin launin ruwan hoda. Da wannan ne masanin cututtuka ke duba ko ƙwayoyin kansar suna ƙera ɗanyen ƙashi ne ko guringuntsi. Bambancin yana da nauyi: kansar da ke ƙera ƙashi, wadda ta fi kama matasa, ana haɗa mata magunguna da tiyata, ita kuwa ta guringuntsi galibi ba ta jin magani, wuƙa ce maganinta.

Guringuntsi na ƙunshe da wasu sinadarai masu riƙe ruwa, waɗanda ke ba shi laushi da juriya. Rinin safaranin yana manne musu ya yi ja, kuma gwargwadon yawansu, gwargwadon kaurin jan. A gwiwar da amosanin gaɓɓai ya ci, jan yakan kode tun daga sama. Ma'aunin da Henry Mankin da abokan aikinsa suka fitar a 1971 ya sanya wannan kodewa cikin alamomin auna tsananin cutar. Shuɗin alsiyan, wanda asalinsa rinin tufafi ne na masana'antun Ingila, shi ma yana kama waɗannan sinadarai. Shuɗin toluwidin kuwa abin mamaki ne: shuɗi ake zubawa, amma da ya taɓa guringuntsi sai ya rikiɗe ya zama shunayya.

Idan tambayar ita ce ko ƙashi ya samu ma'adinan da suka dace, ba a zare kalsiyam. Ana dasa guntun cikin roba mai tauri a yanka shi haka nan. Hanyar da Julius von Kossa ya bayyana a 1901 na amfani da ruwan azurfa, wanda ke mayar da wurin da ya yi tauri baƙi idan haske ya same shi. Rinin alizarin yana ba kalsiyam launin ja, na Goldner kuma yana nuna taurarren ƙashi kore, ɗanyen da bai taurara ba ja. Yawan wannan ɗanye shi ne tambarin laushin ƙashi, cutar da ke gantsarar da ƙafafun yara. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban sanadinta ga yaran da aka duba.

Asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Dala a Kano, Igbobi a Legas da kuma Inugu, tare da asibitocin koyarwa, duk suna buƙatar wannan aiki. Kumburin ƙashi da ya ƙi sauka, musamman mai ciwo da dare, a gaggauta kai shi asibiti tun guntu kaɗan zai wadatar da mai bincike.