Wiskin "Single Malt" da Jita-jitar da Ke Yawo a Kansa a Yola da Jimeta

Adamawa ba ta cikin jihohi 12 na Arewa da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a fagen hukunta laifuka daga shekarar 1999, saboda haka a Jimeta, cibiyar kasuwancin babban birnin jihar, ana sayar da barasa a otal-otal da wasu kantuna, yayin da tsohon garin Yola, wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841, ya fi riƙe al'adar fada da malanta. A irin wannan zama na cuɗanya, inda mai sha da wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba suke haɗa kasuwa da ofis, maganganu kan wiskin da ake kira "single malt" sun yawaita, kuma gaskiya da ƙarya sun cakuɗa a cikinsu har ta kai ga wasu na jefa lafiyarsu cikin haɗari.

Tushen ruɗanin shi ne "malt", wanda ba wani abu ba ne illa tsiro, wato hatsin da aka jiƙa aka rufe har ya fara tsirowa, sannan aka shanya shi domin sitacin cikinsa ya iya juyewa ya zama sukari. Masu dafa burkutu a ƙauyukan Numan da Ganye sun san wannan aiki tun kaka da kakanni, domin da tsiron dawa suke fara sana'arsu, haka kuma wasu masu kunun zaƙi suna zuba ɗan tsiro don kunun ya yi zaƙi ba tare da ya zama giya ba. Abin da ke haifar da barasa shi ne tsimawa, wato a bar yis ya cinye sukarin ya mayar da shi sinadarin itanol mai sa maye. Daga nan za a gane cewa maganar da ake yi wai lemunan malt irin su Maltina, wanda aka fara sayarwa a Nijeriya a 1976, giya ce da aka sauya wa suna, ba ta da tushe, tunda ba a tsima ruwan tsiron da ake yin su da shi. Akasin wannan ƙarya ya fi ta muni, wato zaton cewa "single malt" ɗan'uwan waɗannan lemuna ne mai sauƙi, alhali dokar wiski ta ƙasar Sikotland ta 2009 ta tanadi cewa barasar da ke cikinsa ba za ta gaza kashi 40 cikin 100 ba, kimanin ninki takwas na giyar kwalba da aka saba gani. Matsayinsa a Musulunci ɗaya ne da na kowace giya, kuma tsada ko kyan kwalba ba sa sauya hukuncin haramcinsa.

Ita dokar ta Sikotland ta fayyace ma'anar sunan. Dole ne a yi shi a masana'anta guda ɗaya, da ruwa da tsiron sha'ir kaɗai, a tace shi ta hanyar tururi a cikin manyan tukwane na tagulla, sannan a ajiye shi cikin gangunan katakon itacen ok a Sikotland na aƙalla shekara 3. Ba daidai ba ne a ce daga ganga ɗaya yake fitowa, domin galibi ana haɗa ganguna masu yawa na masana'antar, kuma lambar shekarun da ke jikin kwalba, 12 ko 18, tana nufin shekarun wiskin da ya fi ƙarancin shekaru cikin waɗanda aka zuba a haɗin. Gaskiya ne cewa daɗewa a ganga na ƙara masa tsada, saboda wani kaso yana tashi a iska kowace shekara, amma da zarar an ɗura shi a kwalba tsufansa ya tsaya, don haka wanda ya ajiye kwalba mai shekara 12 a kabad har shekara goma, mai shekara 12 ce dai a hannunsa. Duhun launi ma ba shaidar tsufa ba ne, tunda doka ta yarda a sanya launin ƙonannen sukari. Ƙanshin hayaƙi da aka san wiskin tsibirin Islay da shi kuwa yana zuwa ne daga busar da tsiro a kan wutar wata baƙar ƙasar fadama mai cike da ruɓaɓɓun tsirrai, ba daga wani magani da aka zuba ba.

Jita-jitar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce ta magani. Ana cewa wiski mai tsada yana kashe zazzaɓin cizon sauro da taifot, yana wanke ciki, yana kuma korar sanyin hunturu ga masu kwana a bakin Kogin Binuwai ko masu gadin dare. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro tana zaune ne a hanta da cikin jini, barasa ba ta kashe ta, sai ma ta ƙara wa hantar nauyi a daidai lokacin da take fama, ta kuma jinkirta zuwa asibiti. Ɗumin da mai sha ke ji a jikinsa yaudara ce, domin barasa tana buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, zafi ya riƙa fita, cikin jiki ya ƙara yin sanyi. Tun 1988 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya barasa cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, kuma a Janairun 2023 hukumar ta bayyana cewa babu wani ma'aunin sha da za a ce ba shi da illa. Itanol ɗin da ke cikin kwalbar "single malt" irin Glenfiddich shi ne dai wanda ke cikin ogogoro da burkutu, kuma hanta ba ta duba farashi.

Akwai magana guda da mutane ke yi wadda gaskiya ce tsantsa, wato cewa ana yin jabu. Masu wannan mugun aiki suna tattara kwalaben da aka shanye su sake cika su, wani lokaci da metanol, sinadarin masana'antu da ke makantar da mutum ko ya kashe shi. A 2015 ya hallaka mutane a Ode-Irele ta Jihar Ondo da kuma gommai a Jihar Ribas, a 2020 kuma ɗaruruwa suka mutu a Iran bayan an yaɗa cewa barasa na maganin korona. Dabarun da ake yayatawa na gane jabu, kamar sunsunawa, ko ɗanɗanawa, ko kunna ashana a duba launin wuta, ba abin dogaro ba ne, domin metanol da itanol sun yi kama a ido da hanci da harshe. Tantance lambar rajistar hukumar NAFDAC da duba hatimin murfi sun fi amfani, kodayake su ma ana kwaikwayonsu.

Alamomin gubar metanol ba sa bayyana nan take, sukan ɗauki sa'o'i 12 zuwa 24, sannan ciwon kai da amai da ciwon ciki da dishi-dishin gani su biyo baya. Duk wanda aka ga haka a tare da shi bayan ya sha wani abu, kada kunya ko tsoron surutun unguwa su sa danginsa su ɓoye shi a ɗaki. A garzaya da shi Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, a tafi da kwalbar, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha.