Horon Likitocin Ceton Rai: Daga Ɗakin Gaggawa Zuwa Ɗakin Kulawa ta Musamman

Gabatarwa

Hausawa kan ce rai dangin goro ne, ban ruwa yake so. Ilmin halittu ya gaskata wannan magana, domin kuwa kowace ƙwayar halitta da ke jikin ɗan'adam tana buƙatar iskar oksijin dare da rana, kuma ba ta da rumbun da za ta adana ta domin gobe. Idan aka yanke wa ƙwaƙwalwa wannan iska, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwayoyinta za su fara mutuwa. A kan wannan haƙiƙa aka gina fannoni biyu na aikin likita, wato agajin gaggawa da kulawa ta musamman ga wanda ciwo ya kai shi gargara. Wannan maƙala za ta yi bayanin horon da ke haɗa fannonin biyu a hannun likita ɗaya, da kuma amfaninsa ga mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Abin da Ke Faruwa a Cikin Jiki

Kafin oksijin ta isa ga ƙwayar halitta sai ta bi matakai uku. Da farko ta ratsa maƙogwaro zuwa huhu, sannan ta shiga jini, daga nan zuciya ta harba jinin zuwa sassan jiki. Kusan duk wani ciwo mai kisa cikin hanzari, ɗaya daga cikin waɗannan matakai yake tsinkewa. Mashaƙo, wanda ya addabi Jihar Kano a shekarar 2023, yana toshe maƙogwaro. Ciwon huhu yana cika huhun da ruwa. Zubar jini bayan haihuwa ko haɗarin mota yana rage abin da ke ɗaukar iskar.

Baligi yana da jini kimanin lita 5. Idan ya yi asarar kashi ɗaya cikin uku, bugun zuciyarsa zai ƙaru, tafin hannunsa ya yi sanyi, fitsari ya ragu, hankalinsa ya fara gushewa. A wannan hali ƙwayoyin halitta sukan koma samar da kuzari ba tare da oksijin ba, abin da ke haifar da wani sinadari mai tsami da ke taruwa a jini. Tsamin jinin da sanyin jiki suna hana jini daskarewa, sai zubarsa ta ƙaru, tsamin ma ya daɗu. Idan aka daɗe a haka, ƙoda da hanta da huhu sukan gaza ɗaya bayan ɗaya, ko da daga baya an tsayar da jinin. Ke nan abin da aka yi ko aka bari a sa'o'in farko shi ke nuna yadda majinyaci zai kasance bayan mako guda.

Asalin Fannin

A shekarar 1952 annobar shan inna ta ɓarke a birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak, inda cutar ta riƙa shanye tsokokin numfashi. Wani likitan sa barci mai suna Bjorn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaron majinyata a sa bututu, a riƙa tura iska da jakar roba. Ɗaruruwan ɗaliban likitanci suka yi ta karɓa-karɓa suna matsa jakar da hannu ba dare ba rana. Mace-macen masu irin wannan lalura ya sauko daga sama da kashi 80 cikin ɗari zuwa kimanin kashi 40. A 1953 Ibsen ya buɗe ɗaki na musamman domin irin waɗannan majinyata, wanda shi ne mafarin abin da ma'aikatan asibiti suke kira ICU. Abin lura shi ne, jakar roba da hannun ɗalibi da sa ido ne suka ceci waɗannan rayuka tun kafin zuwan manyan na'urori.

Yadda Horon Yake

Aikin likitan gaggawa shi ne karɓar duk wanda aka kawo, kowane irin ciwo ne, ya gano abin da ke barazana ga rai ya dakatar da shi. Shi kuwa likitan kulawa ta musamman, shi ke riƙe majinyacin kwana da kwanaki har sassan jikinsa su farfaɗo. Amurka ta amince da agajin gaggawa a matsayin fanni mai zaman kansa a 1979. A can likita yakan yi shekara 3 ko 4 yana horon ƙwarewa a wannan fanni, sannan mai sha'awa ya ƙara shekara 2 a ɗakunan kulawa ta musamman. A cikin waɗannan shekaru biyu yake laƙantar sarrafa na'urar numfashi, da magungunan ɗaga bugun jini, da wankin ƙoda, da duba zuciya da huhu da na'urar hoto a gefen gado. Haka kuma yana koyon yadda ake sanar da dangi gaskiyar halin da ɗan'uwansu yake ciki.

A Afirka fannin gaggawa sabo ne. Afirka ta Kudu ta amince da shi a 2003, sannan Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi a ƙasar Gana ya fara horar da likitocinsa a 2009. A Nijeriya, bayan shekara 6 a jami'a da shekarar sanin makamar aiki da hidimar ƙasa, likita yakan shiga horon ƙwarewa a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko kwalejojin Afirka ta Yamma. Bisa al'ada, likitocin sa barci ne ke riƙe da yawancin ɗakunan kulawa ta musamman a asibitocin koyarwa, irin su Asibitin Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988. Sai a 'yan shekarun nan ne agajin gaggawa ya sami gurbinsa a jerin fannonin ƙwarewa na ƙasar.

Halin Kudancin Kano

Titin Kano zuwa Zariya ya ratsa yankin Bebeji da Kiru, kuma daga Kwanar Dangora hanya ta rabu ta nufi Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa har zuwa Jos. Daga Falgore zuwa birnin Kano kimanin kilomita 150 ne. Wanda haɗari ya rutsa da shi a can da dare lokacin hunturu, aka ɗora shi a bayan akori-kura babu mayafi, sanyin hanya kaɗai ya isa ya hana jininsa daskarewa. Haka abin yake ga mai naƙuda da jijjiga ta kama, ko manomin da maciji ya sara. Gadon ICU da ke Kano ba zai amfani wanda ƙodarsa ta riga ta mutu a hanya ba.

Wani bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2025, wanda ya shafi asibitoci 180 a ƙasashen Afirka 22, ya nuna cewa majinyaci ɗaya cikin takwas da ke kwance yana cikin mawuyacin hali, kuma ɗaya cikin biyar na waɗannan yakan rasu cikin mako guda. Bugu da ƙari, kusan kashi biyu cikin uku nasu a ɗakunan jinya na gama-gari suke kwance. Abin da suka fi rasawa shi ne abubuwa masu sauƙi: oksijin, da ƙarin ruwa, da gyara kwanciyar wanda ya suma don kada harshensa ko amai ya toshe masa numfashi.

A nan ne amfanin likita mai horo biyu yake fitowa. Da yake ya ga ƙarshen ciwo a ɗakin kulawa ta musamman, ya san alamominsa tun suna ƙanana. Shi zai iya koya wa ma'aikatan jinya na asibitin Tudun Wada su riƙa ƙirga numfashi, su san cewa baligi mai lafiya yana yin 12 zuwa 20 a minti ɗaya, su kuma yi amfani da ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin. Shi zai tsara cewa a danne rauni a tsayar da jini, a lulluɓe majinyaci, a ba shi allurar rage zubar jini cikin awa 3 na farko, a kuma buga waya Kano kafin mota ta tashi.

Kammalawa

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin ba da agajin gaggawa, kuma a 2023 taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya buƙaci ƙasashe su haɗa agajin gaggawa da kulawa ta musamman da tiyata a tsari ɗaya. Cika wannan buri yana buƙatar jami'o'i da asibitocin koyarwa su samar da guraben horon, gwamnati kuma ta riƙe waɗanda aka horar, ta ba su damar zagaya asibitocin karkara suna koyarwa. Su kuma jama'a, nasu shi ne gaggauta kai majinyaci asibiti mafi kusa da zarar numfashinsa ya sauya ko hankalinsa ya fara gushewa, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.