Horon Himma da Ribar Shago: Gwajin da Aka Yi a Lome

A watan Afrilun 2014, masu bincike daga Bankin Duniya da Jami'ar Leuphana ta Jamus sun tara masu ƙananan sana'o'i 1,500 a Lome, babban birnin Togo. Akwai teloli da masu gyaran gashi, da kafintoci da masu sayar da abinci da 'yan tireda, kuma fiye da rabinsu mata ne. Aka jefa ƙuri'a aka raba su gida uku, ɗari biyar-biyar. Kashi na farko aka koya musu darasin kasuwanci da aka saba: rubuta shige da ficen kuɗi, talla, lissafin farashi, kula da yaran shago. Manhajar ba ta wasa ba ce, reshen Bankin Duniya mai kula da kamfanoni masu zaman kansu ne ya tsara ta. Kashi na biyu ba a nufi aljihunsu ba, halinsu aka nufa. Na uku kuwa aka bar su yadda suke domin su zama ma'auni.

Kowane aji ya ɗauki sa'o'i 36 cikin mako huɗu, daga nan malamin ya riƙa leƙa kowane ɗalibi a shagonsa sau ɗaya a wata har wata huɗu. Masu binciken suka yi ta komawa suna duba ciniki sama da shekara biyu. Da sakamakon ya fito a mujallar Science a 2017, ribar waɗanda aka yi wa horon hali ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, kimanin dalar Amurka 60 ke nan a wata. Ta masu darasin kasuwanci ta ƙaru da kashi 11, wanda a ƙa'idar ƙididdiga bai kai a bugi ƙirji a ce horon ne ya kawo shi ba. An kashe dala 756 a kan kowane mutum, kuma 'yan kashi na biyu sun mayar da kwatankwacin kuɗin daga ƙarin riba cikin shekara guda.

Duk mai sana'ar horar da mutane zai so ya riƙe wannan sakamako ya shiga kasuwa da shi. Kafin ya yi haka, ya kamata ya san abin da aka koyar a ajin, domin ya sha bamban da abin da ake sayarwa yau da sunan gina kai.

Wanda ya assasa horon shi ne Farfesa Michael Frese, Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, wanda ya daɗe yana nazarin abin da ke sa wani ya tashi ya yi abu ba tare da an sa shi ba. A wajensa himma tana da ƙafa uku. Mutum ya fara da kansa, kada ya jira maƙwabcin shago ya yi sannan ya kwaikwaya. Ya hango abin da ke tafe, matsala ce ko dama, tun kafin ta iso ƙofa. Sannan ya dage idan ya ci karo da cikas. Ba a tsaya ga bayani ba. Ana sa mai sana'a ya zayyana yadda yake cinye yininsa tun buɗe shago har rufewa, ya ware abin da shi ya ƙirƙiro da abin da ya faɗo masa kawai ya mayar da martani. Mai shagon da ya shekara yana zaune yana jiran mai saye, a nan yake ganin kansa. Ana sa shi ya yanka wa kansa buri mai lokaci, ya rubuta matakan kaiwa, ya lissafo abin da zai iya tare hanya da yadda zai ɓullo masa. Ana tura shi wajen masu sayen kayansa ya tambaye su aibin aikinsa. Idan ya yi kuskure, a zauna a tone shi a ga me ya koyar.

Tambayar aibin nan ita ce mafi nauyi a ganina. Tela ya kira matar da ta daina kawo masa ɗinki ya ce, "Hajiya, don Allah me na yi?" sannan ya yi shiru ya saurara ba tare da kare kansa ba, wannan yaƙi ne da girman kai, kuma ba kowa ke cin sa ba. Ga shi kuma a bainar jama'a ake yin sa, tsakanin keke da almakashi.

Akwai wani abu a sakamakon da ya fi adadin ribar ban sha'awa. 'Yan ajin himma ba a ba su darasin ajiye lissafi da talla irin na takwarorinsu ba, amma da aka koma an tarar sun rungumi kyawawan dabarun kasuwanci kusan daidai da waɗanda aka koya wa takanas. Sun fi su fito da sababbin kayayyaki, sun fi su neman rance don faɗaɗa sana'a. Wato wanda ya saba tambayar kansa me zai hana shi kaiwa ga burinsa, da ƙafarsa yake zuwa neman littafin lissafi. Wanda aka danƙa wa littafin alhali bai ji ƙishirwarsa ba, sau da yawa a ƙarƙashin kanta yake ƙarewa.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1960 David McClelland na Jami'ar Harvard ya gwada horar da 'yan kasuwa a garin Kakinada na Indiya kan kwaɗayin cin nasara. A 1974 wani mai koyar da wasan tanis a Amurka, Timothy Gallwey, ya fitar da littafi yana bayanin cewa muryar shakka da ke cikin kan ɗan wasa tana kayar da shi kafin abokin karawa ya kayar da shi. John Whitmore, tsohon direban tseren mota ɗan Ingila, ya kai wannan salo ofisoshin kamfanoni. A 1995 Thomas Leonard ya kafa ƙungiyar masu horarwa ta duniya. Daga nan sana'ar ta bazu, har ta iso wayoyinmu: ajin WhatsApp na mako biyu, a tura kuɗi a shiga. A yawancin ƙasashe babu lasisin da doka ta wajabta kafin mutum ya kira kansa mai horarwa. Likita sai da rajista, lauya sai da rajista, amma wanda zai shiga tunaninka ya jujjuya shi hoto mai kyau da kalami sun ishe shi.

Abin da wannan kasuwa ta fi tallatawa shi ne jin daɗi. Rufe idonka ka ga kanka cikin babbar mota. Tsaya gaban madubi ka ce kai gwarzo ne. To, an gwada waɗannan ma. Gabriele Oettingen, malama a jami'o'in New York da Hamburg, ta bi ɗaliban da ke gab da kammala karatu, ta gano cewa waɗanda suka fi nutsewa cikin mafarkin samun aiki mai tsoka sun fi ƙarancin aika takardun neman aiki, kuma bayan shekara biyu sun samu tayi kaɗan da albashi ƙasa da na sauran. Bayaninta shi ne zuciya tana ɗanɗanar nasarar tun a mafarki, sai jiki ya saki kamar an riga an isa. A 2009 Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada ta sa mutane su riƙa maimaita wa kansu cewa su abin so ne. Masu ganin ƙimar kansu sun ɗan ji daɗi. Masu raina kansu, waɗanda domin su aka ƙirƙiro dabarar, sai suka ƙara jin ƙunci, domin bakinsu yana faɗar abin da zuciyarsu ke ƙaryatawa.

Oettingen ba ta ce a daina buri ba. Cewa ta yi a hango abin da ake so, nan take kuma a juyo a dubi abin da ke cikin mutum da zai hana shi, ko tsoron a ce masa a'a, ko kunyar bin bashi, ko jinkiri. Wani mai bincike, Peter Gollwitzer, ya ƙara mataki guda: a ɗaure niyya da wani lokaci ko yanayi takamaimai. "Zan daina ba da bashi" magana ce da ke narkewa da zarar ɗan'uwa ya shigo da fara'a. "Idan wanda bai biya na baya ba ya nemi ƙari, zan buɗe littafi in nuna masa shafinsa" ta fi tsayawa, saboda an yanke hukuncin tun kafin kunya ta zo. Wanda ya duba ajin Lome zai ga kusan wannan ne aka yi, sai dai an yi shi a kan ɗinki da gyaran gashi.

Shi kansa mai horarwa ɗan kasuwa ne, kuma a nan gizo ke saƙar. Abincinsa yana hannun ɗalibin da zai dawo ya sake biya, ya kuma kawo abokinsa. Wanda aka faranta wa rai yana dawowa, wanda aka aika ya je ya ji aibinsa daga bakin masu saye ba lalle ba ne. Ga kuma matsin nuna cewa shi ya riga ya isa, tunda da wuya a sayi sirrin arziki a hannun mai kukan kuɗin haya. Mutum yana iya shekara yana koyar da gaskiya da kai alhali tallarsa ta ginu a kan ɓoye halin da yake ciki, kuma babu ubangida ko abokin aiki da zai ja masa kunne. Wani gwaji da aka yi a Habasha da mata 'yan kasuwa ya taɓo wannan gefen. An kai musu irin horon Togo ta hannun malaman makarantun koyon sana'a, riba ba ta motsa yadda aka yi fata ba. Da aka bi diddigi, sai aka lura ɗaliban malaman da suka taɓa riƙe kasuwancin kansu sun fi nuna sauyin tunani. Manhaja ɗaya ce, bakin da ya karanta ta ne ya bambanta. A Jamaika kuma, da aka gwada irin horon, an ga tasiri a watannin farko, galibi a wajen maza, amma kafin shekara ta zagayo ya dushe.

Masu binciken Togo sun sake komawa Lome bayan shekara bakwai. A jimlace tazarar ba ta rufe ba, ƙaruwa ma ta yi: 'yan ajin himma suna gaba da kimanin dala 91 a wata. Sai dai da aka raba lissafin tsakanin maza da mata, labarin ya rabu biyu. A shekaru biyun farko duka sun amfana. Daga baya ƙarin ribar da horon ya kawo wa maza ya ci gaba da hawa, suna tara jari suna ƙara yarda da iyawarsu, na mata kuwa ya tsaya cik ko ya ja baya, jarinsu bai taru sosai ba. Aji ɗaya suka zauna, darasi ɗaya suka ji, kuma matan sun nuna tun farko cewa sun ɗauka. Abin da ya rage a duba yana wajen ajin: irin sana'o'in da mata suka fi yawa a ciki da iyakar girman da suke iya yi, da hidimar gida, da hannayen da ke miƙowa ga ribar mace kafin ta koma cikin jari. Mai horarwar da ya dubi irin wannan mata ya ce mata tunaninta ne bai gyaru ba, ya zalunce ta, kuma ya karɓi kuɗinta a kan haka.