Kashi nawa cikin ɗari, kuma na su wa?

Duk shekara in sakamakon jarrabawar BEPC ya fito, sai a shiga karanto alƙaluma: maza kashi kaza, mata kashi kaza. Da zarar 'yan matan wata makaranta sun kamo maza ko sun ɗara su, sai ka ji ana cewa ai matsalar karatun 'ya mace ta kau. Ba haka lissafin yake ba, kuma ɗan kwaleji ma zai gane hakan in an koya masa ƙididdiga yadda ya kamata.

Kason da ake shelarwa na waɗanda suka zauna jarrabawa ne kaɗai. A ƙaddara maza 60 da mata 60 suka shiga ajin farko a wani ƙauyen Cadawa. Bayan shekara 10, maza 20 suka zauna, 10 suka ci. Mata 5 suka zauna, 3 suka ci. A takarda mata ne gaba, kashi 60 a kan kashi 50. Amma yaro ɗaya cikin 6 ya fita da takardar shaida, yarinya kuwa ɗaya cikin 20. Sauran 55 ɗin fa? Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna inda da yawansu suke: kashi 76 na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa kashi 89.

Malamin lissafi a Aguié ko Gazawa ba ya buƙatar misalin littafin da aka buga a Faransa. Rajistar makarantarsa ta wadatar. Ɗalibai su ƙirga maza da mata aji bayan aji, su ja jadawali, su zana, su yi gardama kan adadin da ya dace a raba da shi. Sannan su fita unguwa, ba tare da rubuta sunan kowa ba, su tambayi iyaye inda karatunsu ya tsaya.

A nan ne abin da ya fi damuna yake. Jadawalin da muka gada gurbinsa uku ne: CFEPD, BEPC da BAC. Matar da ta sauke Alƙur'ani a makarantar allo, tana karanta ajami, tana koyar da matan unguwa a tsakar gidanta a Tibiri ko Cadakori, a ina za a sa ta? A layin "ba ta da komai". Wannan rashin adalci ne, kuma tauye tarihi ne. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru: shugabanninsu, da ake kira jaji, suna jagorantar mata daga ƙauyuka, su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulfulde, su koma su koyar. Babu wadda aka ba takarda, amma ilimi ya yaɗu. Ita kanta Nijar ta buɗe madarasar Say tun 1957, yau ga makarantun Faransanci da Larabci a ko'ina. Tun Maris 2025 kuma Hausa ce harshen ƙasa. To me ya hana ɗalibanmu su ƙara gurbi na huɗu, su ƙirga masu karatu da rubutu da ajami?

Kada wani ya fake da wannan. Ajami ba zai ba yarinya aikin ungozoma a asibitin Gidan Rumji ba, ba kuma zai shigar da ita Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ba. Takardar boko dole ce. Sai dai uwar da aka ƙirga a matsayin mai ilimi ta fi saurin sakin 'yarta ta kai aji na ƙarshe fiye da wadda aka kira jahila.

Tun Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare 'yan mata masu karatu. Wa ya auna tasirinta a Gangara ko Gidan Sori? Gazawa ta zama gunduma tun 2011, ya kamata a ce alƙalumanta suna hannun kowane malami. Sufetocin ilimi na gundumomin Aguié, Gazawa da Gidan Rumji su manna adadin masu shiga da masu fita, maza da mata, a bangon kowace kwaleji kafin a koma makaranta a Oktoba.