'Yan Kwalejin Katsina: Inda Rayuwa Ta Kai Kowannensu

A cikin shekarar 1922 ne Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, kuma nufin Turawa da ita bai wuce a sami malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa ba. Kowane lardi yakan zaɓo 'yan yara kaɗan waɗanda suka yi fice ya aika. Ahmadu Raba, wanda ya zama Sardauna, da ƙafa yakan tako daga Sakkwato, tafiyar kwana bakwai. Samarin da suka zauna a wannan makaranta tsakanin 1925 da 1934 sun ci tuwo tare, sun buga fayis tare, amma da aka watse kowa da hanyar da Allah ya tsaga masa.

Da farko kusan dukansu alli suka riƙa. Kashim Ibrahim ya gama a 1929 ya koma Barno yana koyarwa. Ahmadu Raba ya fita a 1931 ya kama aiki a Midil ta Sakkwato, Abubakar Imam da Isa Kaita kuwa suka gama a 1932 suka zauna Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya biyo baya a 1933, ya koma Midil ta Bauci, har ya zama shugabanta.

Wanda ya fara barin aji shi ne Ahmadu, domin a 1934 aka naɗa shi hakimin Raba. Da Sarkin Musulmi Hasan ya rasu a 1938 ya nemi gadon, amma Allah ya ba ɗan'uwansa Abubakar, shi kuwa aka ba shi sarautar Sardauna. Rashin wannan sarauta ne ya bar shi a fili har siyasa ta zo ta same shi, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954.

Abubakar Imam alƙalami ne ya ɗauke shi. A gasar rubuta littattafan Hausa da aka yi a 1933 ya shiga da Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki, Tafawa Ɓalewa kuma da Shaihu Umar. Daga nan aka ja shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, kuma a 1939 ya zama editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Isa Kaita kuwa murya ce ta fitar da shi, don a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi da Bello Dandago na Kano aka kai Ankara suna karanta labarin yaƙi da Hausa a gidan rediyo. Daga baya ya zama Ministan Ilmi na Arewa, ya kuma riƙe sarautar Wazirin Katsina, wadda mahaifinsa ya riƙe.

Zaman makaranta ɗaya bai sa ra'ayi ya zama ɗaya ba. Sa'adu Zungur ɗan Bauci ne kamar Tafawa Ɓalewa, sun kuma zauna tare cikin ƙungiyar muhawara da aka kafa a garin a 1943. Dukansu sun ga aibin mulkin En'e. Tafawa Ɓalewa ya zaɓi gyara daga ciki, shi ya sa a 1950 ya tashi a Majalisar Kaduna ya kawo shawarar a yi wa En'e garambawul, abin da bai yi wa sarakuna daɗi ba. Sa'adu kuwa bai da wannan haƙuri. Ya tafi Ikko ya yi wa jam'iyyar NCNC sakatare, sa'an nan ya karkata ga Malam Aminu Kano da mutanen NEPU. Ciwo ya cinye shi, ya rasu a 1958, 'yan watanni bayan abokin muhawararsa ya zama Firayim Minista.

A wajen iyali ma rabo ya bambanta. Tafawa Ɓalewa ya bar gida cike da mata da 'ya'ya, yawancinsu ƙanana, ga shi kuwa bai tara abin duniya ba in ban da gida da gona a Bauci. Sardauna 'ya'ya mata uku ya bari, domin ɗansa namiji tun yana ƙarami ya rasu. Ta wajen ɗaya daga cikinsu ne aka sami jikansa Hasan Ɗanbaba, wanda ya riƙe sarautar Magajin Garin Sakkwato har rasuwarsa a 2022.

Daren 15 ga Janairu 1966 shi ne ya raba wannan zumunci. Sojoji suka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna tare da uwargidansa Hafsatu, wadda ta ƙi rabuwa da shi. Aka kama Firayim Minista a Ikko, sai bayan kwanaki aka sami gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, aka kai shi Bauci aka binne. Kashim Ibrahim, wanda yake Gwamnan Arewa tun 1962, an tsare shi amma ya tsira, har ya zama mai ba Gwamnan soja Hasan Usman Katsina shawara. Shi da Isa Kaita da Imam suka ga yaƙin basasa, suka ga an raba Arewar da suka yi wa hidima jihohi shida a 1967. Imam ya rasu a 1981, Kashim a 1990, Isa Kaita kuma a 1994.

Ita kanta makarantar an mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda a 1971 ta sami sunan Kwalejin Barewa. Tsohon ginin na ƙasa yana nan a Katsina an mai da shi gidan adana kayan tarihi. Duk wanda ya shiga ya ga ƙanƙantar ɗakunan zai yi mamakin yadda suka fitar da Firayim Minista da Firimiya da Gwamna cikin 'yan shekaru. Abin da ya kamata hukumomin ilmi na yau su lura da shi shi ne, kowane ɗaya daga waɗannan mutane malamin makaranta aka hore shi ya zama, kuma a zamaninsu yaron da ya fi kowa hazaƙa a lardi shi ake ba alli. Allah ya ji ƙansu, ya albarkaci bayansu, amin.