Ka Haɗa Kwamfuta Ta Ƙi Tashi? Bi Hanyar Wuta Kafin Ka Hau Motar Kano

Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfutar tebur da hannunsa ya san wannan faɗuwar gaban: ka ɗaure noti na ƙarshe, ka jona waya, ka yi bismillah ka danna maɓalli, sai shiru. A zangon da ya wuce haka ta faru da wani abokin karatunmu. Kuɗin shinkafarsa ta rani ya tattara, ya tafi Kano ya sayo kaya a Beirut Road, saura mako uku a karɓi furojet. Da ta ƙi tashi sai ya ce ai madabod ɗin ce matacciya, gobe da asuba zai koma ya yi rigima da mai shago. Da muka zauna muka duba, ashe wata 'yar waya ce ya soka a inda ba wurinta ba. Da ya tafi, da ya yi asarar kuɗin mota da yini guda, ya kuma ɓata da mutumin da bai yi masa laifi ba.

To ɗan'uwa, ko 'yar'uwa, sabuwar kwamfuta da ta ƙi tashi yawanci ba ƙonewa ta yi ba, wuta ce ta tsaya a wani wuri. Ka dubi manomin rani a Auyo. In ruwa bai iso gonarsa ba, ba ya cewa Kogin Hadejia ya ƙafe. Magudana yake bi a ƙafa har ya tarar da inda kachala ta toshe ko inda ganuwa ta fashe. Haka za ka bi wuta, daga bango har zuwa farosesa. Kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, don in ka taɓa abu uku a tare ta tashi, ba za ka san wanne ne mai laifin ba.

Da farko, wace irin ƙin tashi ce?

Iri uku ne. Akwai shiru gaba ɗaya, babu fanka babu fitila. Akwai wadda fanka za ta ɗan motsa ta tsaya. Akwai kuma wadda fankoki ke juyawa lafiya amma monita baƙi ƙirin. Ta farko matsalarta tana tsakanin bango da maɓalli, ta biyu yawanci haɗuwar waya ce ko rashin wutar farosesa, ta uku kuma wuta ta shiga, sai dai RAM ko hoto ko farosesa ne suka hana ta wucewa. Sanin wannan kaɗai ya rage maka rabin aiki.

Daga bango zuwa fawa-fak

Kada ka raina wannan matakin. Jona cajar waya ko fitila a soket ɗin ka gani ko akwai wuta. Cire ekstenshin ka jona kai tsaye, don mun san irin ekstenshin ɗin da ke ɗakunanmu. Fulogi mai ƙafa uku yana da fiyus a ciki, in ya ƙone wayar ba ta aiki, sai ka gwada da wayar monita tunda yawanci bakinsu ɗaya ne. A bayan fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, akwai makunni mai alamar I da O. I ne kunne.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. In ta zo da rauni har fankar silin na jan ƙafa, wasu fawa-fak ba za su tashi ba, sai da sitabilaiza. Ƙaramin janareta da aka cika wa kaya da inbata mai arha su ma suna hana wasu tashi. Saboda haka gwajin farko ka yi shi inda ka tabbata wutar tana da ƙarfi.

Sannan a kula da wannan: tsofaffin fawa-fak 'yan gwanjo suna da wani jan makunni mai lamba 115 da 230. Waɗanda suka fito daga Amurka sukan zo a kan 115, domin wutar can bolt 120 ce. In ka jona shi a haka a nan, ƙara za ka ji da warin ƙuna. Duba shi tun kafin ka jona.

Gwada fawa-fak shi kaɗai

Tsarin da kwamfutocin tebur ke bi sunansa ATX, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995. A wannan tsari, fawa-fak ba ya sakin cikakkiyar wuta sai madabod ta ba shi izini ta koriyar waya. Kai ma za ka iya ba shi wannan izinin.

Zare wayar bango, ka cire duk wayoyin fawa-fak daga madabod. Ɗauki babban kan nan mai ramuka 24, ka lanƙwasa kilif ɗin takarda, ka soka baki ɗaya a ramin koriyar waya, ɗayan a ramin kowace baƙar waya. In wayoyin duk baƙaƙe ne, rami na 16 ne na koriyar, sai ka duba zanen da ke littafin fawa-fak ɗin, kada ka yi ta lalube. Yanzu jona ka kunna. In fankarsa ta juya, yana da rai. Wasu sababbin fankarsu ba ta juyawa sai sun ɗau zafi, don haka ka jona masa fankar kes ɗaya ka gani.

In za ka samu aron mita a wurin 'yan ilektirikal, ya fi. Sa baƙin tsinke a baƙar waya ka auna: rawaya bolt 12, ja bolt 5, mai ruwan lemo bolt 3.3. Ƙa'idar ta yarda da sama ko ƙasa da kashi 5 cikin 100, wato rawaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25. In ya fita daga nan, fawa-fak ɗin ne.

Don Allah kada ka buɗe cikin fawa-fak. Akwai kafasito a ciki masu riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an zare waya. Kuma in naka irin wanda wayoyinsa ke cirewa ne, kada ka sa masa wayar wani fawa-fak ko da bakin ya shiga, don jerin ramukan ba ɗaya ba ne.

Wayoyi biyu, ba ɗaya ba

Madabod, wadda masu gyara ke ce wa bod, wayar wuta biyu take buƙata. Babbar mai 24 tana da tauri, sai ka danna har maƙallinta ya ce ƙas. Ta biyun mai 8 ce, ko 4 a wasu bod, tana shiga can sama kusa da farosesa. Ita ce aka fi mantawa. In babu ita, farosesa bai samu abinci ba.

A lura, wayar katin girafik ma ramuka 8 gare ta. Bambancinsu: ta farosesa tana rabuwa 4 da 4, an rubuta mata CPU, ta katin kuma tana rabuwa 6 da 2, an rubuta mata PCI-E. In waya ta ƙi shiga, ba ƙarfi take so ba, ba wurinta ba ne.

'Yar wayar maɓalli

Nan abokin namu ya faɗi. Daga gaban kes wasu siraran wayoyi ke fitowa, masu rubutu kamar PWR SW, RESET SW da HDD LED. Suna hawa kan wasu ƙananan tsinkaye a ƙasan bod. Shi ya ɗora ta maɓalli a kan tsinkayen fitila, don haka ko kwana zai yi yana dannawa bod ba ta ji ba.

Buɗe littafin bod ka nemo tsinkaye biyu na PWR SW. Cire wayar, ka taɓa su biyun tare da bakin sukundireba na daƙiƙa ɗaya. Aikin da maɓalli ke yi ke nan, ba wani abu ba. In ta tashi, matsalar wayar ce ko maɓallin kes. Ita wannan wayar ba ta da gaba ko baya, na fitila ne ke da alamar + da −.

In fanka ta motsa ta tsaya

Wannan yawanci fawa-fak ne ke kare kansa don ya ji wuta ta haɗu da ƙarfe. Bod ba ta kwanciya kai tsaye a kan kes, akwai 'yan ƙafafun tagulla da ke ɗaga ta. In an manta da su, ko an bar guda a inda bod ba ta da rami, ko wani noti ya faɗa ƙarƙashi, to bayan bod ya taɓa ƙarfe.

Magani shi ne ka fito da bod ka ɗora ta a kan kwalinta. Bar mata farosesa da fankarsa, RAM ɗaya, da wayoyin wuta biyu. Cire hadis da komai na USB. Tada ta da sukundireba. In ta tashi a waje, laifin yana cikin kes. Sai ka riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa, har mai laifin ya nuna kansa.

In fanka na juyawa amma babu hoto

Fara da RAM. Zare wuta, cire shi, ka mayar har maƙallan su rufe. Gwada ɗaya-ɗaya. A bod mai gurbi huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga farosesa ake fara cikawa. DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba.

Sai wayar monita. In ka sa katin girafik, a jikin katin za ka jona, ba a bod ba. In ba ka da kati, tabbatar farosesanka yana ba da hoto da kansa. Na Intel masu harafin F a ƙarshe, kamar i3-10100F, ba sa bayarwa. Ryzen 5 3600 ma haka, amma irin masu G kamar 5600G suna bayarwa. Wani lokaci kuma bod ta girmi farosesa: bod ɗin B450 da aka yi kafin fitowar Ryzen 5000 ba za ta gane shi ba sai an sabunta mata BIOS.

Bod da yawa suna da fitilu huɗu masu rubutu CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna maka inda tafiya ta tsaya. In bod ɗin gwanjo ce, zare wuta ka cire ƙaramin batirin nan CR2032 na 'yan mintuna don ta manta saitin tsohon mai ita. Ciro farosesa shi ne na ƙarshe. Ka duba ko alamar kusurwa uku ta dace da ta gurbinsa, da ko wani tsinke ya lanƙwashe.

Abin da yanayinmu ke jawowa

Da hunturu, in ka ji bargo na tartsatsi, to jikinka ma na ɗauke da irin wannan wutar, kuma tana lalata RAM da farosesa ba tare da ka gani ba. Taɓa ƙarfen kes kafin ka ɗauki kaya, ka riƙe su ta gefe, kada ka haɗa a kan katifa ko darduma.

Da damina kuma danshi ne. Mu nan bakin fadama muke, kuma mun ga yadda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka shiga gidaje a ƙasar Hadejia. Kayan da ya taɓa shan ruwa yakan bushe ya yi kyau a ido alhali ciki ya ci. In za ka sayi na hannu, haska shi da tocila. Farin gari ko kore-kore a kan tsinkaye, ko tsatsa a bakin USB, alama ce ta ka bar shi.

In duk ka bi waɗannan ba ta tashi ba, ari fawa-fak ko RAM na abokinka ka musanya, ɗaya bayan ɗaya. Rubuta abin da ka gwada da abin da ka gani, ka ɗauki bidiyo da waya, ka ajiye rasit da kwalaye. Sannan ka kira mai shago kafin ka hau mota. In ka ce masa rawayar waya bolt 10 take bayarwa, ko fitilar DRAM ce ta tsaya a kan RAM biyu daban-daban, zai san da wanda ya san abin da yake yi yake magana, kuma abu ɗaya za ka ɗauka zuwa Kano, ba kwamfutar gaba ɗaya ba.

Shi dai abokin namu, da muka matsar da 'yar wayar nan zuwa tsinkayenta, dannawa ɗaya ta tashi, kuma ya miƙa furojet ɗinsa a kan lokaci. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.