Sandar Rumfa Ma Ta Isa: Motsa Jikin "Bar" Ga Sabon Shiga

Duk wanda ya ji Larabcin ƙasar nan ya san rakuba ita ce abin da mu Hausawa muke kira rumfa, wato a kafa 'yan dirkoki, a gicciya itace a sama, a shimfiɗa kara ko zana, a samu inuwa. Ke nan Ummu Rakuba, wadda ke kusa da Doka a Jihar Gadarif, sunanta na nufin uwar rumfa. Sau biyu duniya tana jin wannan suna. Na farko a shekarun 1980, lokacin da yunwa da yaƙi suka koro mutanen Habasha zuwa gabashin Sudan. Na biyu kuwa a watan Nuwamba na 2020, sa'ad da yaƙi ya ɓarke a yankin Tigrai, jama'a suka riƙa tsallakowa ta Hamdayet, aka sake buɗe sansanin, har ya zuwa farkon 2021 ya tara mutum wajen 20,000.

Abin da ya kawo mu ga wannan tarihi shi ne zama. Mutumin da ya saba fita gona da asuba, in ya wayi gari a sansani, babu abin da ya fi yawa a yininsa kamar zaman jira a gindin rumfa. Mu ma tun daga watan Afrilu na 2023 mun ɗanɗani irin wannan. Da Madani ta faɗi a Disamba na 2023, da kuma abin da ya auku a Sinja a tsakiyar 2024, 'yan uwa da dama sun kwararo Gadarif, aka sauke su a makarantu da gidajen dangi, suka yi watanni ba aikin fari ba na baƙi. Wanda ya ga iyayenmu mata a waɗannan masaukai ya ga yadda mace mai ƙarfinta take komawa sai an miƙa mata hannu kafin ta tashi daga tabarma.

Masana lafiya sun ce daga shekara 30 zuwa sama tsokar jikin mutum takan riƙa raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma rashin motsi yana gaggauta abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, sannan faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a kowace shekara, waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Saboda haka kada mai karatu ya ce ana yaƙi malam yana zancen wasa. Tsohuwar da ta zame a bakin makewayi ta karye a ƙugu, a wannan lokaci da asibiti ke wuya, ta ja wa gidan gaba ɗaya hidimar da ba kowa zai iya ɗauka ba.

'YAR GUDUN HIJIRA CE TA ƘIRƘIRO SHI

Akwai wani salon motsa jiki da ya yi fice a biranen Turai da Amurka, ana rubuta sunansa "barre", ana furta shi "bar". Kalmar Faransanci ce, ma'anarta sanda, wato dogon itacen nan da ake kafawa a jikin bango daidai ƙugu, wanda masu koyon rawar bale suke dafawa. In ka ga hotunansa, ɗakuna masu madubai da mata sanye da tufafi masu tsada, sai ka ɗauka abin 'yan gayu ne tun asali. Ba haka ba ne.

Wadda ta ƙirƙiro shi sunanta Lotte Berk, Bayahudiya ce 'yar rawa da aka haifa a birnin Kolon na Jamus a 1913. Da gwamnatin Hitila ta matsa wa Yahudawa, sai ta gudu zuwa Landan a 1938 tare da mijinta da 'yarta ƙarama. Daga baya ta ji ciwo a baya, sai ta haɗa atisayen da 'yan rawa ke yi a jikin sanda da irin motsin da masu gyaran gaɓoɓi ke sa majinyaci ya yi. A 1959, tana da shekara 46, ta buɗe ajinta a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a titin Manchester da ke Landan, ɗalibanta kuwa mata ne. Wata ɗalibarta Ba'amurkiya, Lydia Bach, ita ta kai salon New York a 1971, daga nan ya bazu. Lotte ta rasu a 2003 tana da shekara 90. Ba ita kaɗai ba ce ma. Salon Pilates, wanda ake yawan haɗa shi da wannan, mai shi Joseph Pilates ya inganta shi ne lokacin da Turawan Ingila suka tsare shi a sansani a Yaƙin Duniya na Ɗaya, don kawai shi Bajamushe ne.

To, abin da mai ciwon baya ta haɗa a ƙasar da ba tata ba, bai kamata ya gagari mai rumfa ba. Kuma in kalmar rawa ce ta dame ka, ka kwantar da hankalinka. Babu juyi, babu tsalle, kiɗa ma ba dole ba ne.

Sirrin abin shi ne ƙanƙantar motsi. Za ka dafa sanda, ka sa jiki a wani yanayi, alal misali ka ɗan lanƙwasa gwiwa, sannan ka riƙa sauka da hawa kamar faɗin yatsu biyu kacal, sau da yawa, ba tare da ka miƙe ka huta ba. Wanda ke kallo zai ce ba ka yin komai. Kai da ke yi, kafin ka ƙirga talatin cinyarka ta fara rawar ɗari. Tun da ba a dira a ƙasa da ƙarfi, gwiwa da idon sawu ba sa shan duka irin na gudu ko ƙwallo, shi ya sa ya dace da mai jiki da wanda shekaru suka ja.

Ban ce kowa yana bukatarsa ba. Saurayin da ya yini yana yankan riɗi ko dawa a manyan gonakin Gadarif, abinci da barci yake bukata, sai ko ɗan miƙe baya bayan doguwar sunkuyo. Waɗanda nake nufi su ne mai shayi da ke yini a kan 'yar kujerar bambar, da tela, da mai kanti, da matan da ba su cika fita ba, da dattijon da ya fara kallon kujera in an tayar da salla. Har da mu malamai, domin tsayuwa a gaban allo gajiya ce kawai, ba ta ƙara wa ƙafa ƙarfin komai.

RANAR FARKO

A birane aji ɗaya yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda. Sabon shiga ya fara da minti 10 ko 15, kwana biyu ko uku a mako, da tazarar yini a tsakani. Lokacin da ya fi shi ne da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, ga ruwan sha a kusa.

A nemo sanda ko gora mai ƙwari, a ɗaure ta a gicciye tsakanin dirkoki biyu, tsayinta daga ƙasa wajen mita ɗaya, ko dai daidai ƙugun mai yi. A jijjiga ta da ƙarfi tukuna, a kuma duba gindin dirkar ko gara ta ci. In babu rumfa, bakin taga ko guntuwar katanga ya wadatar. Kujerar roba kam a'a, sulɓewa take yi. Baƙar ƙasar nan tamu da ke darewa da rani, a cike ramukanta a daddaɓe wurin tsayuwa. A tsaya ba takalmi, kuma ba a kan tabarmar leda mai santsi ba. Mace ta sa wando mai yalwa, ta ajiye tob a gefe don kada ya harɗe ta.

A fara da ɗumama jiki: tafiya a wuri ɗaya ana ɗaga gwiwa, ana juya kafaɗu, na minti biyu ko uku. Daga nan a fuskanci sanda a ɗora hannuwa a kai. Dafawa ake yi, kamar yadda ake dafa kafaɗar aboki. Duk wanda ya ga jijiyoyin hannunsa sun fito, to ya koma rataya, ya ƙwace wa ƙafafunsa aikinsu.

Motsi na farko ɗage ne. A haɗa ƙafafu, a ɗaga diddige a hankali har nauyi ya koma kan yatsu, a sauko a hankali, sau 10. Wannan yana ƙarfafa sha-raɓa da idon sawu, waɗanda su ne ke ceton mutum in ya yi tuntuɓe.

Na biyu shi ne ginshiƙin abin duka, don haka bari mu ɗan tsaya a kansa. A buɗe ƙafafu daidai faɗin ƙugu, a lanƙwasa gwiwa kaɗan kamar za a zauna a kan angarib amma aka fasa. Baya a miƙe, ƙirji a sama, a ɗan janye mara ciki. Gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa, kada ta karkata ciki ta nufi 'yar uwarta. A wannan yanayi sai a sauka faɗin yatsu biyu, a hau faɗin yatsu biyu, sau 10, sannan a tsaya cik a ƙirga biyar, a miƙe. Kuskuren da aka fi yi shi ne son sauka can ƙasa don a nuna ƙarfi, ko a murɗa ƙafafu waje sosai irin na 'yan rawar da aka gani a waya. Waɗancan tun suna yara ƙanana ake horar da ƙugunsu. Babba in ya tilasta, gwiwarsa ce za ta biya. Tsokar cinya da wannan motsi ke ginawa ita ce ke ɗago mutum daga sujada, ita ce kuma ke tayar da shi daga tsugunno.

Na uku, a tsaya kan ƙafa ɗaya, a miƙa ɗayar baya, a riƙa ɗaga ta kaɗan-kaɗan ba tare da an gantsare ba, sau 10, a sauya. Na hannu kuwa, gorar ruwa ta rabin lita nauyinta rabin kilo ne, guda biyu sun isa: a ɗaga su gefe zuwa saitin kafaɗa, a yi ɗan motsin nan dai. A ƙare da kwanciya rigingine a tabarma, a jawo gwiwoyi zuwa ƙirji a riƙe na ɗan lokaci, baya ya saki.

A duk wannan kada a riƙe numfashi. Riƙe numfashi yayin da tsoka ke ɗaure yana tayar da hawan jini nan take. Dabara mai sauƙi ita ce a riƙa ƙirge da baki a fili, domin mai magana ba ya iya riƙe numfashi.

Karkarwar cinya da ɗan zafi-zafi a cikin tsoka ba abin tsoro ba ne, alama ce ta gajiya, kuma suna wucewa da an miƙe. Haka nan tsamin jiki, wanda yakan tsananta tsakanin kwana ɗaya zuwa uku bayan an yi, sannan ya lafa. A nan ne yawancin masu farawa suke ajiye abin, alhali sati na biyu ya fi na farko sauƙi nesa ba kusa ba. Amma suka mai kaifi a cikin gwiwa ko gadon baya, ko ciwon da ke sauka ta ƙafa kamar wutar lantarki, ko jiri, ko nauyin ƙirji, waɗannan a tsaya nan take a nemi likita. Mai juna biyu, da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, da mai ciwon zuciya ko hawan jini ko sukari, su tambayi ma'aikacin lafiya kafin su fara. Mai zazzaɓin cizon sauro ko kala-azar, wadda yankinmu ya yi ƙaurin suna da ita, ya bari sai ya warke ya murmure. Wanda kuma abinci bai ishe shi ba, tsoka ba ta ginuwa da iska.

Masu tallar wannan salo sukan ce yana narkar da tumbi, yana sa jiki ya yi tsawo. Wannan zancen kasuwa ne. Babu motsin da ke zaɓen kitsen wuri ɗaya ya narkar, kuma ƙashin babba ba ya ƙara tsawo. Abin da yake bayarwa shi ne ƙarfin ƙafa da ƙugu da daidaiton tsayuwa. Ba ya kuma maye gurbin tafiya. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta nemi babba ya samu aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a mako, irin tafiya da sauri, sannan kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Masu shekara 65 zuwa sama an ƙara musu da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako. Sandar rumfa tana biyan waɗannan na ƙarshe ne.

Shawarata ga mata ita ce kada a yi shi a kaɗaice. Maƙwabta uku ko huɗu su haɗu a cikin gida ɗaya, bayan an gama aikin safe kafin a ɗora jabana, ɗaya tana ƙirge, ɗaya tana duba gwiwar 'yar uwarta, tun da babu madubi. Maza su ma su yi nasu, kuma ina tabbatar wa mai gemun da ke yi wa abin dariya cewa cinyarsa za ta riga ta uwargida yin karkarwa.

Don a san ko ana ci gaba, ranar farko a zauna a bakin angarib, a harɗe hannuwa a ƙirji, a ƙirga sau nawa za a iya tashi a zauna cikin daƙiƙa 30. Likitoci ma suna gwada ƙarfin ƙafar tsofaffi da irin wannan. Tsoho ya yi da wani a tsaye kusa da shi. A rubuta adadin da alli ko gawayi a jikin dirka, a sake gwadawa bayan mako shida. In damina ta sauka laka ta hana tsayuwa a waje, a koma bakin taga a cikin ɗaki, kuma da ruwa ya ɗauke a sake jijjiga sandar kafin kowa ya dafa ta.